Yawon Buɗe Ido Da Tsakar Rana

Akwai wata tambaya da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, na juya ta na juya ta ni kaɗai har na gaji, shi ne na ce bari in kawo ta gabanku mu taru mu duba, tunda an ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Tambayar ita ce, idan na biya mutum kuɗinsa cif-cif don ya tsaya mini a rana ni in ji daɗi, shin shi ke nan na fita haƙƙinsa? Kada ki yi saurin ba ni amsa 'yar uwa, ki bari ki ji inda na tsinto ta tukuna, domin saura ƙiris in biya kuɗin wannan tambaya da ran wata baiwar Allah da ba ta ji ba ba ta gani ba.

A ƙarshen watan Yuli na shekarar 2023 ne Allah Ya nufe ni da fita ƙasar waje karo na farko, zuwa Masar. Shekara biyu cur ina zuba adashe, ina haɗawa da ɗan abin da littattafaina suke kawowa. Kuma tunda ranar wanka ba a ɓoyon cibi, bari in gaya muku gaskiya, ba neman ilmi ne kaɗai ya ɗaga ni ba. Kullum na buɗe waya sai in ga wance a Dubai, wance a Turkiyya, ta sha gilashi ta tsaya gaban wani dogon gini ana ta zuba mata masha Allah. Ni ma zuciyata ta ce sai an san na fita. Da maigidan ya ce zai kai mahaifiyarsa Alƙahira a duba mata ido, sai na ga faɗuwa ta zo daidai da zama, na maƙale na ce ni da yarana biyu ƙafarmu ƙafarsu. Yara suna dogon hutu, ga shi wanda ya shirya mana tafiyar ya ce a wannan lokaci otal ya fi araha saboda baƙi sun janye. Ko sau ɗaya ban tsaya na tambayi kaina me ya kori baƙin ba, na manta da cewa araha ba ta ado. Muka baro Kano cikin damina, gari ya yi luf, shuka ta yi kore shar, muka ɗauki ƙafa muka tafi neman rana da kuɗinmu.

Akwai ɗan yayan maigidan da yake karatu a Azhar, shi ne ya tarbe mu kuma shi ya zame mana tafinta. Tun a mota yaron nan ya ce mini, "Anti, kun zo a mugun lokaci fa. Duk inda za ku, ku fita da sassafe, ƙarfe goma ta yi muku a ɗaki, sai kuma bayan la'asar." Na yi dariya na ce, "Kai tafi can, mu da muka yi azumin bana cikin ranar Afrilu a Kano, wace rana ce kuma za a nuna mana?" Ya yi shiru abinsa irin na yaro mai tarbiyya. Ashe ni ce ban sani ba, wannan wata na Yuli da muka sauka a cikinsa shi masana yanayi suka ce ba a taɓa auna watan da ya kai shi zafi a duniya ba zuwa wannan lokaci. A Masar ɗin ma a watan ne gwamnati ta fara ɗauke wuta unguwa-unguwa saboda zafi ya sa wutar ba ta isa. Mu dai a otal ba mu ji a jikinmu ba, da an ɗauke sai inji ya kama, na'urar sanyaya ɗaki tana ta huci har sai mun ja bargo.

Kwana na uku maigidan yana da wasu mutane da zai gani a kan harkar kasuwancinsa, likitan ido kuma ya ba Hajiya sai jibi. Na ce to yau sai dala, wato gine-ginen nan na Fir'aunoni da suke Giza a gefen birni. Muka shirya da yaron cewa ƙarfe bakwai mun bar otal. Amma ina! Abinka da mai shirin hoto, na sa wannan leshi na cire, na ɗaura wannan ɗankwali na kwance, na zauna gaban madubi ina zizara gira, ga shirin yara, ga karin kumallo. Ba mu fita ba sai sha ɗaya saura. Yaron ya ce, "Anti da mun bari sai gobe." Na ce kuɗin mota na riga na biya, ba zan yi asara ba. Hajiya kuwa tana kishingiɗe tana jan carbinta, na ce, "Hajiya ai da ke za a je, ya za a yi ki zo har Masar ba ki ga dalar Fir'auna ba?" Ta ce, "'Yar nan, da kun bar ni na huta." Na yi ta lallaɓa ta, don a raina ina son a ga hotona da uwar mijina a san muna zaman lafiya. Kun dai san kara irin ta iyayenmu, ta yunƙura ta jawo mayafinta ta ce mu je.

Gani ya kori ji, 'yan uwa. Duk yadda aka kwatanta miki dalar nan ba za ki gane ba sai kin tsaya a gindinta kin ɗaga kai. Babbar cikinsu, ta wani sarki da ake kira Khufu, ta kai shekara 4,500 a tsaye. Tsawonta na asali mita 146 ne, kuma an ƙiyasta duwatsun da aka jera a jikinta sun haura miliyan biyu, wani dutsen ya kai ƙirjina. Hajiya ta kare ido da tafin hannu ta dube ta ta ce, "Ikon Allah, ashe dalar gyaɗa ce aka yi ta dutse." Domin ita ta ga dalar gyaɗa a Kano da idonta tana yarinya, ta ga leburori suna hawa da buhu a ka. Muka yi dariya. To amma wurin nan fili ne fetal, yashi da farin dutse, babu bishiya ko ɗaya da za a fake. Rana tana dukan ki ta sama, ƙasa tana maido miki da ita ta ƙasa, iskar da take busowa kamar an buɗe murfin tukunyar tuwo. Na duba wayata na ga ta nuna digiri 42, ita kanta wayar ta yi zafi kamar dutsen guga.

A nan ne wani dattijo mai keken doki ya tare mu, da ɗansa da bai wuce shekara goma sha ɗaya ba yana riƙe da linzami. Ya ce zai zaga da mu har can kan tudu inda ake hango dala uku a jere, a ba shi fam 500. Ni kuwa 'yar Kano, wadda ta goge a Kantin Kwari, na ce yau ga ranar nuna gwaninta. Na taya 150. Ya rantse, ya nuna dokin, ya nuna rana. Na juya kamar zan tafi, don na lura wurin ba kowa, masu raƙuma da masu dawaki duk suna zaune jugum a 'yar inuwar dabbobinsu. Na san ba shi da wani mai saye sai ni. Ya biyo ni, muka daidaita a 200. Wallahi har ina yi wa yaron nan alfahari, ina cewa ka ga yadda ake ciniki.

Da muka kai kan tudun sai na shiga abin da ya kawo ni. A ɗauke ni ta nan, a ɗauke ni ta can, in ɗaga hannu kamar na riƙo ƙololuwar dala, in duba in ce bai yi kyau ba a sake. Na sa aka sauko da Hajiya ta tsaya kusa da ni. Na sa dattijon ya juyo da keken don dokin ya fito a hoto, ya juya, na ce bai yi ba ya ƙara juyawa. Sau biyu ina tambayar Hajiya ko ta gaji, tana cewa "ba komai 'yar nan, ku gama." Ni kuma na karɓi ba komai ɗin nan da hannu biyu saboda ita nake son ji. Ruwan gora biyu da muka riƙo tuni yara suka shanye.

Ina cikin gyara mayafi sai na ji ƙaramar 'yata ta ce, "Umma, kalli Hajiya." Ina juyowa na ga ta dafa ƙafar keken, tana wata magana da ba ta da kai, tana kiran sunan wata ƙanwarta da ta rasu da daɗewa. Kafin in kai gare ta ta sulale ƙasa. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Na taɓa jikinta na ji zafi rau kamar garwashi. Ni dai ban da ihu da salati babu abin da na iya. Dattijon nan da na matse wa kuɗi shi ne ya yi tsalle ya diro, ya daka wa ɗansa tsawa, suka kama ta da ɗalibin nan suka kwantar da ita a ƙarƙashin rumfar keken. Ya jawo wata jarka daga ƙarƙashin kujera, ya kwance rawaninsa ya jiƙa, ya miƙo mini yana nuna mini wuyanta da fuskarta da hammatarta. Ya ce in sassauta mata kaya, ya sa yara suna yi mata fifita da kwali, sauran ruwan ya ce in kwarara mata a jiki. Da na ɗebo zan ɗura mata a baki sai ya hana ni da ƙarfi, ashe wanda ba ya cikin hayyacinsa ba a ɗura masa ruwa don kada ya shaƙe. Sannan ya kaɗa dokin nan a guje cikin wannan rana har bakin ƙofa inda motarmu take.

A asibiti aka yi mata ƙarin ruwa, Allah Ya taimake mu ta farfaɗo kafin magariba. Likitan ya yi mana bayani ta bakin ɗalibin, ya ce zafin jikin ɗan Adam digiri 37 ne, gumi ne yake riƙe shi a nan. Idan ruwan jiki ya ƙare, zafin ya haura 40, to ƙwaƙwalwa ce take fara taɓuwa, shi ya sa mutum yake sambatu, daga nan sai ƙoda da zuciya. Ya ce tsofaffi ba sa jin ƙishirwa da wuri kamar matasa, kuma da ya ga maganin hawan jinin da take sha, irin mai sa yawan fitsari, sai ya girgiza kai. Ya ce jiƙa ta da aka yi nan take shi ne ya taimake ta. Maigidan da ya iso bai yi mini faɗa ba, kallona kawai ya yi ya ce Allah Ya tsare gaba, wallahi da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Hajiya kuwa tana buɗe baki cewa ta yi, "Kada a ga laifin yarinyar nan, ni na ce zan je." Na shiga banɗaki na yi kuka mai isata.

Kafin mu bar bakin ƙofar dalar na danƙa wa dattijon duk abin da hannuna ya kai gare shi a jaka. Ya karɓa, ya sumbaci kuɗin ya kai goshi. Daga baya ɗalibin yake gaya mini abin da ya ce, wai tun safe mu ne cinikinsa na farko, kuma ruwan da aka kwarara wa Hajiya na dokin ne, wanda zai sha har yamma. Tun daga ranar tambayar nan ta shiga raina.

Abin da na fara tuhumar kaina da shi shi ne, yaya aka yi na bar hankalina a gida? Mu fa mun san dokar rana. A bazara wace mai hankali ce za ta ɗauki tsohuwa ta kai ta fili da azahar? Kakanninmu sun san sammako, sun san zama a zaure da gindin darbejiya har rana ta yi sanyi, manomi ma yana tashi daga gona idan ta take. Ko a addini malamai suna karantar da mu cewa an so a jinkirta sallar azahar idan zafi ya tsananta har a sami sauƙi. Su ma mutanen Alƙahira haka na ga suna yi, da rana gari ya yi tsit, da dare kuwa kasuwa ta cika, iyali su fito bakin Kogin Nilu da yaransu har tsakar dare. Baƙo ɗan yawon buɗe ido shi kaɗai ne yake fita lokacin da masu gari suke ɓuya. Me ya sa? Saboda ya biya kuɗi, kwanakinsa ƙidayayyu ne, yana ganin duk awar da ya yi a ɗaki asara ce. Kuɗin da ya kashe su suke koro shi rana kamar makiyayi da sanda. Hausawa sun gama magana da suka ce sa kai ya fi bauta ciwo.

Sannan wannan taƙama ta mun saba da rana, ya kamata mu ajiye ta. Ranar yanzu ba irin wadda iyayenmu suka sani ba ce. A wannan wata da muke Masar, hukumomin ƙasar Girka sai da suka riƙa rufe shahararren tsohon gininsu na Akrofolis da tsakar rana saboda baƙi suna faɗuwa. Wani bincike ya ƙiyasta cewa zafi ya yi ajalin mutum fiye da 61,000 a Turai a 2022. A watan Yuni na 2024 zafi ya haura digiri 50 a Aswan da ke kudancin Masar. A watan ne kuma hukumomin Saudiyya suka sanar da rasuwar alhazai 1,301 a aikin Hajji, lokacin da zafi ya kai 51.8 a Makka, Allah Ya jiƙansu. Su ibada ce ta kai su, lokacinta kuma ba a hannunsu yake ba. Ni kuwa da nake da zaɓin wata da zaɓin awa, wane uzuri gare ni?

To amma wannan duk wauta ce da na yi wa kaina da nawa. Babbar maganar ita ce ta dattijon nan da ɗansa da dokinsa. Da na dawo na ba wata aminiyata labari, sai ta ce, "Ke kin cika sa wa kanki damuwa. Sana'arsa ce, kun yi ciniki, ya yarda, kin biya. Ina abin yake?" Maganarta tana da ƙamshin gaskiya, ban yi masa ƙwace ba, ban tilasta shi ba. Shi ma ɗalibin da na ce masa da na sani da ban hau keken ba, cewa ya yi, "Anti, da ba ki hau ba da ranar haka zai koma gida hannu rabbana. Zuwanku suke addu'a." Wannan ma gaskiya ce, kuma ita ta ƙara ɗaure mini kai. Idan na je na sa shi a rana, idan na ƙi zuwa na bar shi da yunwa. To ina mafita?

Bayan dogon tunani ga inda ni dai na tsaya. Yarda iri biyu ce. Akwai yardar wanda zai iya cewa a'a, akwai kuma yardar wanda tukunyar gidansa take jiran sa. Ni da shi rana ɗaya ce ta doke mu, amma ni na zaɓe ta, kuma a duk lokacin da na ga dama zan koma ɗaki mai sanyi. Shi kuwa in ya tashi daga nan wataƙila unguwar da aka ɗauke wa wuta zai koma, gobe kuma ya dawo. Na ga wannan rauni nasa ƙuru-ƙuru, kuma da shi na yi amfani na karya masa farashi. Da lokacin sanyi ne da baƙi suka cika wurin, ai da bai ko saurare ni ba. Ashe arahar da nake murna da ita ba daga sama ta faɗo ba, daga jikin wani aka yanko mini ita. Fam 200 ɗina sun biya zagayen da muka yi, wannan na yarda. Amma ba su biya minti arba'in da na tsayar da yaro ƙarami a kan yashi mai zafi don gira ta fito a hoto ba, ba su biya ƙishirwar dabbar da ba ta da bakin yin ciniki ba. Ciniki yana halatta aiki, amma ba ya sauke tausayi daga wuyan mai biya. Ga shi kuma da ranar ta juyo kaina, shi bai tsaya lissafin ko jiƙa tsohuwa yana cikin fam 200 ba.

Akwai wani labari da ɗalibin ya ba ni wanda ya tsaya mini a rai. A shekarar 1990 dokin wata baƙuwa ya yi tuntuɓe da wani tsohon gini na tubali a kusa da dalar nan, da aka tona sai ga kaburburan ma'aikatan da suka gina ta. Masana suka duba ƙasusuwansu suka ga alamun ɗaukar kaya mai nauyi a gadon bayansu, da karaya da aka ɗora ta warke. Shekara dubbai duniya tana zuwa kallon aikin sarki tana ambaton sunansa, waɗanda suka sha ranar kuwa suna kwance a gefe ƙarƙashin yashi ba wanda ya waiwaye su. Na ce a raina, ni ma abin da na yi ke nan, na je na ɗaga kai ina kallon dutse, ban sunkuyar da shi na kalli mutumin da ke gabana ba. Bahaushe ya kira abin yawon buɗe ido, ni kuwa na yi nawa ido rufe.

Kada ki ɗauka cewa nake kada a fita, tafiya mabuɗin ilmi ce, kuma in Allah Ya hore mini zan sake komawa. Amma in kina da iko ki zaɓi lokacin sanyi, ko da zai fi tsada, ki rage kwanaki. In kuwa dole sai lokacin zafi, ki bi al'adar masu gari, sammako da yamma, ki riƙe ruwa fiye da yadda kike zaton za ki buƙata. Tsoho da yaro da mai ciki da mai ciwon suga ko hawan jini, kada ki ja su don su cika miki hoto, kuma idan babba ya ce miki ba komai, ki dubi fuskarsa kada ki dubi bakinsa. Wanda zai yi miki hidima a rana kuma, direba ne ko ɗan dako ko mai doki, ki yi ciniki na mutunci, ki taƙaita masa tsayuwa, in kin sayi ruwa ki saya da shi. A titunan Alƙahira na ga tuluna da na'urorin ruwan sanyi da mutane suke ajiyewa a ƙofar gida da shago don mai wucewa ya sha kyauta, kamar dai randar da kakanninmu suke kafawa a ƙofar gida. Mutanen da suka san zafi sun san ba a barin mutum shi kaɗai da shi.

Abin kunyar da zan rufe da shi, sai da bazara ta zagayo ina gida sannan na gane ashe ba a Masar na fara wannan hali ba. Wata rana da misalin ƙarfe ɗaya ina kwance ƙarƙashin fanka, na ƙwala wa yarinyar da take taya ni aiki kira na ce ta kai niƙa. Ta ɗauki roba ta ce to. Wannan to ɗin nata sai na ji ta sak da ba komai ɗin Hajiya. Na ce ta ajiye sai la'asar. Na tuna sau nawa na tsayar da mai ruwa a ƙofar gida da kurarsa ina ja masa naira ashirin, mutumin da ya turo jarka goma sha biyu tun daga wata unguwa, ban taɓa cewa a miƙa masa ko kofi ɗaya na ruwan firji ba. Ina ta kukan tausayin dattijon Giza, ga nawa a ƙofar ɗaki, na zama inuwar giginya na nesa ka sha. Ba zan ce muku na gyaru tas ba, har gobe nakan manta, amma dai na kafa randa a ƙofar gida, kuma na hana aike tsakanin azahar da la'asar in ba dole ba.

Hoton nan da na sha wahala dominsa yana nan a wayata, ban taɓa saka shi ko'ina ba. Na fito tsaf, leshi yana ƙyalli, dala uku a bayana. A gefe ga Hajiya ta dafa keke idonta a lumshe, a can ƙarshe kuma ga ɗan yaron nan riƙe da linzami, ya ɗage ƙafa ɗaya daga kan yashi saboda silifas ɗinsa ya tsinke. Duk suna cikin hoton tun ranar, ni ce dai ban gan su ba sai daga baya.

To 'yar uwa, na dawo miki da tambayata, ke ma ki juya ta a ranki, ki duba wa yake tsaye a rana don ke ki zauna a inuwa. Allah Ya ba mu ikon sauke haƙƙin na ƙasa da mu, Ya saka wa dattijon nan da alheri a duk inda yake, Ya ƙara wa iyayenmu lafiya da nisan kwana. Kuskuren da ke ciki nawa ne, ku yafe ni. Sai mun haɗu a rubutu na gaba in Allah Ya kai mu.